Ribar albasa naira 720,720: wa ya dafa lambar nan?

Sakatare: Assalamu alaikum jama'a. Ga lissafin motar albasar da muka yi haɗaka muka ɗauko daga Aliero. Bayan an fitar da kuɗin mota, da na 'yan dako, da la'adar dillalai a kasuwar Mile 12 ta Legas, da asarar buhunan da suka ruɓe a hanya, Ma'aji ya ce ribar da ta rage naira 720,720 ce. Mu goma sha shida ne, kowa zai tashi da 45,045.

Amma akwai abin da ya tsaya mini a rai. Jiya da magariba gosulo ya riƙe mu tsakanin Ojota da Ketu, don rage zaman banza sai na hau latsa kalkuleta. Na ce bari in ga in da mu sha biyar ne: 48,048 cif. Sha huɗu: 51,480. Sha uku: 55,440. Sha ɗaya: 65,520. Na yi ta gangarowa har biyu, ko kwabo bai yi saura ba. Shekarata ashirin a kasuwar nan ban taɓa ganin riba mai ladabi irin wannan ba. Ba na zargin kowa, tambaya kawai nake.

Hajiyar Idi-Araba: Wa alaikumus salam. Sakatare, duk wanda ya fara da "ba na zargin kowa" ai ya riga ya gama zargin. Ka fito fili ka ce Ma'aji ya dafa lamba.

Baba Mai Albasa: Ku bari dai. Ni abin da ni ka so in ji, yaushe za a turo muna kuɗɗinmu? Kowace irin lamba ta, in ta shiga aljihu ta yi kyau.

Malamin Lissafi: Baba a yi mini haƙuri, wannan karon Sakatare ya taɓo mini inda yake yi mini ƙaiƙayi. Ban ga takardun Ma'aji ba, don haka ba ruwana da maganar dafawa. Amma lambar kanta na san ta kamar yunwar cikina, duk shekara sai na rubuta wa 'yan ajina ita a allo a nan Agege.

Ku dube ta da kyau: 720 ce aka rubuta sau biyu. Duk lambar da aka yi wa haka, 1,001 aka ninka ta da shi. Wato 720 sau 1,001. Shi kuwa 1,001 ba kowa ba ne illa 7 sau 11 sau 13. Ita 720 kuma 16 ce sau 9 sau 5. To kun ga a cikin tumbinta akwai 16, akwai 9, akwai 5, 7, 11 da 13. Duk wata lamba daga ɗaya zuwa sha shida da waɗannan ake haɗa ta: 12 ita ce 4 sau 3, 14 ita ce 2 sau 7, 15 ita ce 3 sau 5. Shi ya sa duk inda Sakatare ya sa wuƙa sai ta yanku. Kuma a duk lambobin duniya ita ce mafi ƙanƙanta da ke da wannan hali. Rabinta, 360,360, tana kaiwa har sha biyar, amma a sha shida take cijewa.

Sakatare, gwada 17 mu gani.

Sakatare: Ta ƙi, Malam. 42,395, da ragowar naira biyar.

Malamin Lissafi: Yawwa. Nan ne ƙarshen tika-tikinta.

Hajiyar Idi-Araba: Tsaya Malam, kana nufin kowace lamba na maimaita haka sai bakwai ta raba ta? Ko dai wannan ce kawai?

Malamin Lissafi: Kowace mai gida uku, Hajiya. Zaɓi wadda ranki ke so, ki rubuta ta sau biyu a jere, ki raba da 7, abin da ya fito ki raba da 11, sannan ki raba da 13.

Hajiyar Idi-Araba: Na sa 258258. Ya ba ni 36,894, sai 3,354, sai... la ilaha illallahu, 258 ɗina ta dawo! Wallahi yau yaran gidan nan sun shiga uku, sai na ci musu kuɗin alewa da wannan.

Ɗan Alaba Rago: Ni fa ban ga abin kururutawa ba. In ana maganar lamba mai kyau, miliyan ɗaya ce. Ɗaya da sifili shida, tas da ita kamar sabuwar shadda. Wannan 720,720 ai kamar lambar mota take.

Malamin Lissafi: Alhaji, miliyan kyan ɗan maciji ne da ita wajen rabo. Ku uku ku raba ta: kowa 333,333, naira ɗaya ta yi saura a yi ta kallon-kallo. Ku bakwai: 142,857, nan ma saura ɗaya. Ku shida ta ƙi, ku tara ta ƙi, ku sha biyu ta ƙi. Dalili kuwa babu komai a cikinta sai 2 guda shida da 5 guda shida. Sifilin nan da ke burge ka, yatsunmu goma ne suka jawo shi, don da goma-goma muke ƙirga.

Bari in nuna muku yadda ake ƙirga lambobin da ke iya raba wata lamba ba tare da an bi su ɗaya bayan ɗaya ba. Ku ɗauka mai cefane ce ta zo gaban tire. A tiren 720,720 akwai 2 guda huɗu: tana iya ɗaukar ɗaya, ko biyu, ko uku, ko duka huɗun, ko ta wuce ba ta ɗauka ba. Zaɓi biyar ke nan. Akwai 3 guda biyu: zaɓi uku. Sai 5, 7, 11 da 13, kowanne guda ɗaya tak: ko ta ɗauka ko ta bari, zaɓi bibbiyu. Duk abin da ta haɗa a kwandonta, in aka ninka su, lamba ce da ke raba 720,720. To 5 sau 3 sau 2 sau 2 sau 2 sau 2, an samu 240. Miliyan kuwa zaɓi bakwai ne a kan 2, bakwai a kan 5. Bakwai sau bakwai, 49 kacal. Ga ta ta fi girma, amma ko kashi ɗaya cikin huɗu na masu raba 720,720 ba ta da su.

Ɗan Alaba Rago: To a ba ni miliyan ɗin da 49 ɗinta, kai ka riƙe 240 ɗinka.

Ɗalibin Akoka: Hahaha, Kawu ya yi gaskiya ta wani gefen. Amma Malam, ka manta ba ka faɗa musu ajin da take ciki ba. Wani Ba'indiye, Ramanujan, ya fitar da doguwar maƙala a 1915 a kan lambobin da kowacce ta fi duk na ƙasa da ita yawan masu raba ta. Jerin yana tafiya 1, 2, 4, 6, 12, 24, 36, 48, 60, 120, 180, 240, 360, 720, 840, haka dai. 720,720 tana ciki, kuma ita ce ta ƙarshe kafin a kai miliyan. Wadda ke gabanta 665,280 ce mai 224, wadda ke biye da ita sai an tsallaka zuwa 1,081,080 mai 256. Mutumin nan yana da shekara 32 ya rasu, a 1920.

Malamin Lissafi: Haka ne ɗana, Allah ya yi albarka. Ƙari ɗaya: akwai wasu a ƙasa da miliyan da suka yi kunnen doki da ita, kamar 831,600, ita ma 240 gare ta. Sai dai ba wadda ta wuce ta, kuma ita ta riga su zuwa.

Baba Mai Albasa: Yanzu kun zo inda ni ka ganewa. Da na ji an ce 12 da 240 sai na tuna kuɗɗin da munka tashi da su. Ku yaran yanzu ba ku san sule ba. Sule guda kwabo sha biyu na. Ku biyu, kowa sisi. Ku ukku, kwabo hurhuɗu. Ku huɗu, kowa taro. Ku shidda, kwabo bibbiyu. Ba faɗa, ba riƙe riga. Fam guda kuwa sule ashirin, kwabo 240. Ina yaro ina ɗaukar kaya tasha, mu ukku anka ba mu sule, nan take mun raba mun watse. Da anka kawo naira a 1973 anka ce kwabo ɗari, in ku ukku na sai ɗaya ya yi haƙuri.

Malamin Lissafi: Baba ka gama darasin. Lambobi 20 ke raba 240, ɗari kuwa 9 ne kawai. Ana ganin yana cikin dalilan da suka sa har gobe dozin sha biyu ne, awa minti sittin, da'ira kuma digiri 360. Mutanen da can da hannu suke rabo, sun san lambar da ba ta jawo rigima.

Ɗalibin Akoka: Ga wani abu kuma. Tunda duk lambobi daga 2 zuwa 16 suna raba 720,720, in aka ƙara mata ɗaya babu wadda za ta raba ta. Ke nan 720,721 gagara-rabo ce, irin su 7 da 11 da 13, wadda ba mai raba ta sai ɗaya da ita kanta.

Malamin Lissafi: A'a, nan ka yi gudu ka bar takalminka. Abin da ka tabbatar shi ne daga 2 zuwa 16 ba mai raba ta, don kowacce za ta bar ragowar ɗaya. Wa ya ce maka lambobi a 16 suka ƙare? Latsa 71 sau 10,151.

Ɗalibin Akoka: 720,721. Kash. Na janye, Malam.

Hajiyar Idi-Araba: Kuɗin makarantar da ake biya maka a jami'a fa, ɗan nan?

Alaramma: Assalamu alaikum. Ina ta karantawa ban sa baki ba, amma abin ya shigo gonarmu. Mu masu rabon gado kullum irin wannan lambar muke nema, ita ce muke kira asalin mas'ala. Kason da Alƙur'ani ya yanka shida ne: rabi, rubu'i, sumuni, sulusi biyu, sulusi, da sudusi. In sumuni ya haɗu da sudusi, sai a koma 24, don ita ce ƙaramar lambar da takwas da shida duk ke rabawa. Abin da Malam ya yi da ɗaya zuwa sha shida, shi muke yi da waɗannan tun muna gaban malamanmu a zaure.

Na ɗan gwada da lambar taku. A ƙaddara mutum ya rasu ya bar 720,720 bayan an biya bashi da wasiyya. Ya bar mata, da mahaifiya, da 'ya'ya, mahaifinsa ya riga shi. Matar tana da sumuni, 90,090. Uwa tana da sudusi, 120,120. Abin da ya rage wa 'ya'ya 510,510. To Malam, ka ce lambar ba ta jituwa da 17. In 'ya'yan maza bakwai ne mata uku, namiji rabo biyu mace ɗaya, kaso 17 ke nan. Na raba, sai ga 30,030 cif. Kowace mace 30,030, kowane namiji 60,060. Yaya aka yi 17 ta shigo ta taga?

Malamin Lissafi: Allah ya gafarta Malam, wallahi sai da na miƙe tsaye. Ga yadda aka yi: cikin kaso 24, matar ta ɗauki 3, uwa ta ɗauki 4, saura 17. Kowane kaso ɗaya kuwa 30,030 ne. Wato ba daga cikin 720,720 ta fito ba, ɗebewar ce ta haife ta. Amma abin da ya tashe ni tsaye daban ne. 510,510 ita ce abin da ake samu in aka ninka gagara-rabo bakwai na farko a jere: 2, 3, 5, 7, 11, 13, 17. Kowacce sau ɗaya, ba a tsallake ko guda ba. Shekara da shekaru ina juya lambar nan a allo ban taɓa biyowa ta wannan ƙofar ba. Gobe da ita zan buɗe aji.

Ɗan Alaba Rago: To ni ma na gano nawa. An ce 2,520 ce ƙaramar lambar da ɗaya zuwa goma ke rabawa, har ana haddace ta da kwana 7 sau kwana 30 sau wata 12. Na raba 720,720 da ita, sai ga 286. Ayoyin Baƙara nawa ne? 286! Jama'a wannan ribar akwai ishara a cikinta. Ni na janye maganar miliyan.

Alaramma: Alhaji, a yi hattara. Ɗauko Alƙur'anin Warshu irin wanda muka yi karatun allo da shi, ka duba ƙarshen Baƙara, 285 za ka gani, don ƙirgar mutanen Madina yake bi. 286 ƙirgar Kufa ce, wadda ke cikin bugun Hafsu. Ko harafi ɗaya bai bambanta saboda wannan ba, wurin da ake sa alamar ƙarshen aya ne kawai. To isharar taka ta wace ƙirga ce? Wanda ya sa kansa neman irin wannan, ko a lambar danfo zai same ta.

Malamin Lissafi: 286 ɗin nan 2 ce sau 11 sau 13, wato abin da 2,520 ta rasa kafin ta kai sha shida. Ba wani sirri.

Tunda Alaramma na kusa, bari in kawo wani rabe-raben da ya fi kusa da harshensu. Tun zamanin Girkawa ake kasa lambobi gida uku, ta hanyar tara duk masu raba lamba ban da ita kanta. In jimlar ta yi daidai da lambar, Larabawa suka ce tamm, kammalalliya: 6 ita ce 1 da 2 da 3, haka 28, da 496, da 8,128. In ta gaza, naƙis. In ta zarce, za'id, mai yalwa. Sabit bin Ƙurra, wanda ya rasu a Bagadaza a shekarar 901, shi ya mayar da littafin Nikomakus da ke ɗauke da wannan bayani zuwa Larabci. Tamu mai yalwa ce ta gasken gaske: in ka tara masu raba ta guda 239 ka bar ita kanta, za ka samu 2,529,072, ya haura ninkinta uku da rabi. Miliyan ma mai yalwa ce, amma nata 1,480,437 ne, ko ninki ɗaya da rabi bai cika ba.

Hajiyar Idi-Araba: Duk na ji. Cika ce ba mara ba, mai yalwa ce, Ba'indiye ya san da ita. Har maƙwabciyata Bayarabiya na nuna wa, ta ce su a tsohuwar ƙirgarsu ta wuri dubu ashirin shi ne oke ɗaya, buhu guda, don haka wannan buhu 36 ne da ɗoriyar 720. Amma har yanzu ba a amsa tambayar Sakatare ba. Lambar da Malam ya ce tsakanin ɗaya da miliyan ba wadda ta fi ta, ita ce za ta faɗo mana daga motar albasa haka siddan? Ina Ma'aji? Tun safe alama ke nuna yana karantawa.

Sakatare: Nima abin da na gani ke nan. Bayanin Malam ƙara mini shakka ya yi.

Ma'aji: Salamu alaikum. Ku yi haƙuri, muna wajen sauke kaya ne, ga ruwan sama, hannuna duk laka. Hajiya ba ɓuya na yi ba.

Gaskiyar magana, abin da ya rage naira 721,000 ne. Daren shekaranjiya na zauna a tabarma da littafin da rasitai ina rabawa sha shida, sai ya ba ni 45,062 da kwabo hamsin. Ga kuma maganar mutum biyu da ba su cika kuɗinsu da wuri ba, ban sani ba ko za a ce a raba sha huɗu ko sha biyar. Ina ta tsaki. 'Yata da ke aji biyar na sakandare tana gefe tana aikin gida da fitilar waya, ta leƙo ta ce, Baba cire 280, abin da ya rage ko ku nawa ne zai rabu in dai ba ku wuce sha shida ba. Na ce ke tafi can. Ta karɓi biro ta rubuta mini a bayan kwalin maganin sauro. Na gwada, na ga haka ne. 280 ɗin na cika da nawa na saya wa 'yan dako fiya wata. Yana rubuce a shafin ƙarshe na littafin, duk mai so ya zo ya duba.

Sakatare: Ashe dai an dafa.

Ma'aji: An ɗan ɗumama dai.

Malamin Lissafi: Alhaji, wannan yarinya a bar ta ta yi karatu don Allah. Ka ce mata ta gwada tambayar Alaramma ta gado, kada ka nuna mata amsar.

Hajiyar Idi-Araba: Allah ya yi mata albarka. Amma 280 a raba sha shida, naira 17 da kwabo 50 ke nan. Ina bin ƙungiya, a rubuta. Sannan wannan naira 45 da ke wutsiyar 45,045, kada wanda ya ce zai ba ni a hannu, don rabon da in ga takardar naira biyar a Ikko har na manta. A tura ta banki.

Baba Mai Albasa: Ni na yahe sha bakwai da rabin. A turo sauran.

Ɗan Tirela: Salamu alaikum iyayena da yayyena. Yanzu na tsaya a Ogere na buɗe waya na tarar da saƙo sama da ɗari. Ina tuni dai, ranar da muke lodi a Aliero an ce in kaya suka iso Legas cikin kwana uku za a sa ni a rabon riba kamar kowa. Baba yana wurin. Kwana biyu da yini na yi.

Baba Mai Albasa: An yi haka. Ni na faɗa da bakina.

Sakatare: Inna lillahi. Mun zama sha bakwai ke nan.

Ɗalibin Akoka: 42,395 kowa, saura naira biyar. Malam, wace lamba ce za ta ɗauke mu mu sha bakwai?

Malamin Lissafi: Sai an ninka ta da 17 ɗungurungum: 12,252,240.

Ɗan Alaba Rago: Allah ya nuna mana motar da za ta kawo wannan.

Ma'aji: Amin. Kafin nan, naira biyar ɗin wa za a ba?

Hajiyar Idi-Araba: A rage mini bashina da ita. Saura 12 da kwabo 50.